Shin zafi yana hana madara narkewa a ciki?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Ta ce duk ranar da ta sha madarar kwali, irin wadda aka rubuta wa UHT, sai cikinta ya kumbura ya yi ta ƙugi. An gaya mata cewa zafin da ake gana wa madarar a masana'anta ne ya kashe sinadaran da ke taimaka mata narkewa, wai ta koma shan ɗanya, ita da yaranta. Tana son ta san gaskiyar wannan magana, sannan ko tafasa madara a gida yana sa ta yi wa mutum nauyi a ciki.

'Yar'uwa, sannu da fama, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: don Allah kada ki ba yaran ɗanyar madara, ke ma kada ki sha. Wanda ya ba ki shawarar ya riƙo wani gefe na gaskiya, domin zafi yana canza madara, kuma canjin yana binta har cikin tumbi. Sai dai ba ta inda ya nuna miki canjin yake ba. Abin da zafi yake taɓawa shi ne furotin, ya sauya masa siffa da saurin narkewa. Sukarin madara kuwa, wanda shi ne ya fi kumbura wa manya ciki, zafi ba ya rage shi, yana nan a ɗanya yana nan a dafaffiya.

A cikin gram 100 na madarar saniya, kusan gram 87 ruwa ne. Sauran sukarin madara ne da ake kira laktos, kusan gram 4.7, da maiƙo gram 3.5 zuwa 4, da furotin wajen gram 3.3, sai gishirin ma'adinai irin su kalsiyam. Furotin ɗin iri biyu ne, kuma duk zancenmu a kan bambancinsu ya rataya. Kashi 80 cikin 100 kasin ne, shi ne farin gudajin da kike gani idan madara ta tsinke. Kashi 20 da suka rage su ne furotin ɗin da ke zama cikin ruwan da ya ware, ruwan nan mai ɗan ɗorawa-ɗorawa. Babba a cikinsu shi ne beta-laktoglobulin, wanda ya kai kusan rabinsu, kuma babu shi sam a nonon ɗan Adam.

Shi ma zafin hawa-hawa ne, bai kamata a yi masa kuɗin goro ba. Akwai tsarin Pasteur, wanda ya samo suna daga Louis Pasteur na Faransa, duk da cewa shi a kan giya ya yi aikinsa a shekarun 1860. Wani masanin kimiyya a Jamus, Franz von Soxhlet, shi ya kawo shawarar a yi wa madarar jarirai irin wannan a 1886. A yau ana yin sa ta hanya biyu: digiri 63 na Salshiyas na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Irin wannan madara sai an ajiye ta a firij. Sama da shi akwai tafasawar gida, kusan digiri 100. Sai UHT, digiri 135 zuwa 150 na 'yan daƙiƙu kawai, a zuba a kwalin da ba ƙwayar cuta a rufe, shi ya sa take wata da watanni ba firij. Na ƙarshe shi ne madarar da ake dafawa a cikin gwangwaninta bayan an rufe, wajen digiri 110 zuwa 120 na minti 10 zuwa 30. Ki lura, wannan ta ƙarshen ita ta fi shan wuya, duk da cewa lambar zafinta ba ta kai ta UHT ba. Daɗewa a kan wuta ya fi tsananin wutar yi wa madara illa.

To, me ke faruwa idan madara ta sauka a tumbi? Mutane da yawa suna ɗauka ruwa ce, za ta wuce yadda ruwa yake wucewa. Ba haka abin yake ba. Madara tana daskarewa a cikin tumbi, ta kowa, kullum. Kasin yana yawo a madara ne a dunƙule, ƙananan ƙwallaye da ido ba ya gani, kuma abin da ya hana su mannewa da juna shi ne wani nau'in kasin da ake kira kafa-kasin, wanda yake lulluɓe da bayan kowane ƙwallo. Da madara ta iso, wani inzayim na tumbi, wato sinadarin da ke yanka abinci don ya narke, mai suna fefsin yana datse wannan kafa-kasin a wuri ɗaya tak, tsakanin amino asid na 105 da na 106 (amino asid su ne ƙananan tubalan da aka jera aka gina furotin da su). Yana datsewa, kariya ta tafi, ƙwallayen su haɗe su zama guda. Wannan yana faruwa cikin 'yan mintuna, tun kafin tsamin tumbi ya yi ƙarfi, domin madarar da kanta tana kashe kaifin tsamin na ɗan lokaci. Daga baya tsamin ya dawo ya ƙara matse gudan, ya tatse ruwan da ke cikinsa. Ruwan, tare da laktos da furotin ɗin da ke cikinsa, ya wuce ƙaramin hanji da wuri. Gudan kuwa ya tsaya, domin ƙofar fita daga tumbi ba ta barin abu ya wuce sai ya koma ƙanana ƙwarai, milimita ɗaya zuwa biyu. Tumbi ya yi ta murza shi, fefsin yana cin sa daga waje, yana sakin furotin kaɗan-kaɗan na tsawon awoyi.

Wannan ne ya sa masu binciken abinci suke kiran kasin furotin mai nawa, ɗayan kuma mai sauri. Wani bincike da aka yi a Faransa aka buga a 1997 shi ya kafa wannan rabon: an ba mutane kowanne dabam, aka ga na ruwan yana cika jini da amino asid nan da nan sannan ya sauka, kasin kuwa yana shiga sannu a hankali ya daɗe.

Yanzu ki kawo zafi cikin lissafin. Kasin yana da juriya sosai, yana iya ɗaukar digiri 140 na mintuna da dama bai daskare ba. Beta-laktoglobulin ba shi da wannan ƙarfin. A nannaɗe yake, kuma da zafi ya haura wajen digiri 70 sai ya fara warwarewa. Idan ya warware, wani sashe nasa mai ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda da yake ɓoye a ciki, sai ya fito fili ya nemi abin kamawa. Abin da ya fi samu kusa shi ne kafa-kasin. Sai ya manne a bayan ƙwallayen kasin, wani kuma ya haɗe da 'yan'uwansa. Ƙanshin nan na dafaffiyar madara da kike ji idan kin buɗe kwali, daga wannan farar wutar yake fitowa. Yanar da ke taruwa a saman tukunya ma akwai irin wannan furotin a cikinta, haɗe da maiƙo.

Ƙwallon kasin da aka yi wa wannan lulluɓin ba ya iya mannewa da ɗan'uwansa sosai. Fefsin zai datse, gudan zai haɗu, amma zai fito da laushi, mai ramuka, mai saurin marmashewa. Masu yin cuku sun daɗe da sanin wannan tun kafin a san dalilinsa: madarar da ta sha wuta da yawa ba ta kama jikinta, ba ta ba da cuku mai ƙarfi. Ki ɗauki sabulu guda ki jefa a ruwa, ki kankare wani ki zuba. Na biyun zai riga narkewa domin ruwa ya samu ta inda zai shige shi ta ko'ina. Haka fefsin da tsamin tumbi suke samun gudan dafaffiyar madara. Ƙari a kan haka, beta-laktoglobulin da yake a nannaɗe fefsin ba ya iya cin sa, kusan lafiyarsa lau yake wucewa sai a hanji a same shi, amma wanda zafi ya warware tun a tumbi ake fara yanka shi.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1913 wani likitan yara a Chicago ta Amurka, Joseph Brennemann, ya buga wani gwaji da har yau nake ganin babu wanda ya fi shi nuna abin a fili. Ya samu wani baligi mai lafiya da yake iya dawo da abin da ya sha ba tare da wahala ba. Sai a ba shi madara, a jira wani lokaci, ya dawo da ita a duba. Ɗanyar madara ta fito da manyan gudaji masu tauri. Tafasasshiya ta fito da ƙanana masu laushi. Likitocin yara na wancan zamani suna fama da jariran da ake shayarwa da madarar saniya suna fitar da gudaji masu tauri a bayan gida, kuma tafasawa tana daga cikin abin da ya kawo sauƙin matsalar. Bayan fiye da shekara ɗari, masu bincike a Cibiyar Riddet ta Jami'ar Massey a New Zealand suka maimaita abin da na'urar da ke kwaikwayon tumbin mutum, tana matsawa tana zuba tsami da fefsin kamar yadda ciki yake yi. Abin da suka gani bai saɓa ba: ɗanya ta ba da guda mai ƙarfi a dunƙule, mai tsarin Pasteur ta ɗan fi ta laushi, ta UHT kuwa ta fi duka marmashewa da saurin barin tumbi.

An auna a jikin mutane ma. A 2008 wasu masu bincike a Faransa suka buga sakamakon gwajin da suka ba mutane madarar da aka yi wa furotin ɗinta alama, yadda za a iya bin sawunsa a jini da fitsari. Madara mai tsarin Pasteur ta tafi daidai da wadda aka tace kawai ba a gana mata zafi ba. Ta UHT ce ta bambanta: furotin ɗinta ya riga isa jini, kuma jiki ya ƙone wani ɗan kaso da ya fi na sauran ya fitar a fitsari maimakon ya yi gini da shi. Ma'anar wannan ita ce, madarar da aka ce miki ta fi wuyar narkewa, ita ce ta fi saurin barin tumbi a cikinsu duka.

Ko saurin alheri ne? Ya danganta da mai sha. Tsoho wanda tsokarsa take raguwa, ko mara lafiyar da tumbinsa ba ya sakin abinci da wuri, guda mai laushi ya fi masa. Wanda yake son ƙoshi ya daɗe masa, mai nawa ya fi. A ganina, ga baligi mai lafiya da ke cin abinci iri-iri, bambancin bai kai a sa shi a rai ba. Ko ta wace hanya aka bi, wajen kashi 95 cikin 100 na furotin ɗin madara yana shiga jiki kafin a kai ƙarshen ƙaramin hanji, kuma kaɗan ne cikin abinci suke kai wannan matsayi.

Inda zafi yake yin ɓarna ta gaske wani wuri ne dabam, kuma ya kamata a faɗe shi ba ɓoye-ɓoye. Idan madara ta daɗe a wuta, laktos yana kama wani amino asid mai suna laisin ya manne masa. Wannan shi ne matakin farko na abin da Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, haɗuwar sukari da furotin da ke sa abinci ya yi ja idan ya gasu. Launin nan na madarar gwangwani da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, da ɗan ɗanɗanon ƙonannen sukari, alamarsa ke nan. Laisin yana cikin amino asid ɗin da jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai daga abinci, kuma hatsi ba su da shi da yawa, shi ya sa madara take da daraja ga yaro mai girma. Laisin da sukari ya kama ya tashi daga aiki, jiki ba ya amfana da shi. Sannan tirifsin, inzayim ɗin da ke yanka furotin a ƙaramin hanji, a gefen laisin yake yawan sa wuƙarsa. Idan wurin a toshe yake sai ya tsallake. A tsarin Pasteur asarar ba ta taka kara ta karya ba. A UHT 'yar kaɗan ce. A madarar da aka dafa cikin gwangwani ta fi yawa. Wani gwaji a Jami'ar Maastricht ta Holan, da aka buga a 2020, ya ba samari garin furotin ɗin madara da aka bari sukari ya kama laisin ɗinsa a mataki daban-daban, aka ga laisin da ke isa jini yana raguwa sosai gwargwadon yadda kamun ya yi yawa.

Abin da ya fi damuna a nan ba masana'anta ba ce, ajiya ce. Wannan haɗuwa ba ta tsayawa don an sauke madara daga wuta. Tana ci gaba a hankali a cikin kwali da cikin gari muddin wurin da zafi, musamman idan garin ya sha danshi. Madarar gari da ta yi watanni a wuri mai zafi har ta fara sauya launi, ta dunƙule, ta ƙi narkewa a ruwa da kyau, ta yi asarar da ba a rubuta a jikin gwangwaninta ba. Ga babba wannan ƙaramin abu ne. Ga jaririn da ba shi da wani abinci sai madarar gwangwanin jarirai, babban abu ne.

Mu dawo kan cikinki. Laktos sukari biyu ne a haɗe, gulukos da galaktos, kuma hanji ba ya iya tsotse shi sai an raba su. Mai raba su inzayim ne da ake kira laktes, wanda bangon ƙaramin hanji yake samarwa. Kowane jariri mai lafiya yana da shi da yawa. Bayan yaye sai ya fara raguwa ga mafi yawan mutanen duniya, wajen kashi biyu cikin uku na manya. Wannan ba ciwo ba ne, haka halittar akasarin 'yan Adam take. Waɗanda suka gaji ci gaba da samar da shi har tsufa su ne 'yan tsiraru, galibi zuriyar al'ummomin da suka daɗe suna kiwo. Laktos ɗin da ba a raba ba yana wucewa babban hanji, ya jawo ruwa, bakteriyar da ke zaune a can su cinye shi su saki iska. Ga ƙugi, ga kumburi, ga yawan hutu, wani lokaci da zawo, yawanci daga rabin awa zuwa 'yan awoyi bayan an sha. Kofi ɗaya na madara yana ɗauke da laktos kusan gram 12, ko daga nonon saniya aka tatso shi yanzu ko daga kwali aka zuba.

Ɗanyar madara ba ta da laktes. Saniya ba ta zuba shi a nononta, ɗan maraƙi a hanjinsa yake samar da nasa. 'Yan bakteriyar da ke cikin ɗanyar madara mai tsabta kuma ba su kai yawan da za su yi wani aiki ba. An gwada wannan kai tsaye a Jami'ar Stanford ta Amurka, aka buga a 2014. Mutum 16 da aka tabbatar ba sa narkar da laktos aka ba ɗanyar madara, da mai tsarin Pasteur, da ta waken suya, kowace na kwana 8, ba su san wacce suke sha ba. An auna iskar haidurojin a numfashinsu, wadda ita ce shaidar laktos ya kai babban hanji, an kuma tambaye su yadda suke ji. Ɗanyar ba ta rage musu iskar ba, ba ta rage musu ciwon ba. Mutanen ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da aka sani game da abin da ke cikin madarar.

Wani zai ce ai zafi mai tsanani yana mayar da ɗan laktos ya zama laktulos, kuma laktulos maganin sakin ciki ne. Gaskiya ne, har da shi ake gane irin zafin da madara ta sha. Amma abin da ke cikin lita guda ta UHT bai kai gram ɗaya ba, alhali wanda likita yake ba mai taurin bayan gida yana farawa ne daga wajen gram 10. Kofi ɗaya ba zai kai ko kusa ba.

Zancen cewa zafi yana kashe inzayim kuwa, e, yana kashewa. Akwai ɗaya ma, alkalin fosfates, da masana'antu suke dubawa da gangan. Idan ya mutu sun san zafin ya kai inda ake so. Akwai lifes, mai fasa maiƙo, wanda idan an bar shi da rai abin da yake yi shi ne ya sa madara ta yi ɗaci da wari. Babu ko ɗaya cikinsu da aka nuna yana taya mutum narkar da madarar saniya. Su ma furotin ne, tsamin tumbi da fefsin suna cinye su tare da sauran. Narkewa aikin tumbinki ne da fankiriyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai zuba wa hanji ruwan narkar da abinci) da matsarmama da bangon hanjinki.

Akwai wuri guda da wannan magana take da tushe, kuma ina jin daga can aka jawo ta aka kai inda ba nata ba. Nonon uwa yana ɗauke da wani inzayim mai narkar da maiƙo wanda yake farkawa idan ya haɗu da ruwan matsarmama a hanjin jariri. Saniya ba ta da irinsa. A asibitocin da ke tara nonon da iyaye mata suka bayar don bakwaini, ana ɗumama shi a digiri 62.5 na minti 30 don a kashe cuta, kuma wannan zafin yana kashe inzayim ɗin, sai jaririn ya tsotsi maiƙo ƙasa da yadda zai samu daga nonon mahaifiyarsa kai tsaye. Likitocin jarirai sun san da haka, suna lissafa shi. Wannan zancen nonon mutum ne da jariri bakwaini, bai shafi babba da kofin madarar saniya ba.

Sauran abubuwan ba su da dogon bayani. Maiƙon madarar masana'anta ana farfasa shi ya koma ƙanana ƙwarai don kada ya taso sama. Wannan aikin matsi ne ba na zafi ba, kuma sauƙi yake ƙara wa inzayim wajen kama shi. Kalsiyam, wajen miligram 120 a mililita 100, zafi yana sa wani sashe nasa ya koma jikin kasin, tsamin tumbi ya sake narkar da shi, jiki ya ɗauka kamar yadda ya saba. Bitamin A da D ba sa jin zafi. B1 da B12 da folet da C suna raguwa, kaɗan a tsarin Pasteur, fiye da haka idan an daɗe ana tafasawa. B2 kuwa hasken rana ne abokin gabarsa, ba wuta ba.

Kada a haɗa rashin narkar da laktos da alajin madara, domin kuskure a nan yana iya cin rai. Alaji faɗa ne da garkuwar jiki take yi da furotin: borin jini, kumburin leɓe ko fuska, amai, shaƙewar numfashi. Tafasawa ba ta sa madara ta zama lafiya ga mai alaji, saboda kasin yana tsallake zafin da siffofin da garkuwar jiki take ganewa. An samu a wani bincike a asibitin Mount Sinai na New York a 2008 cewa kusan kashi uku cikin huɗu na yaran da aka gwada sun iya cin madarar da aka gasa sosai cikin fulawa a tanda, amma wannan gwaji ne da ake yi a gaban likita da magani a hannu. Ba a gwada shi a gida.

Dalilin da na roƙe ki tun farko shi ne abin da ɗanyar madara take iya ɗaukowa ko da saniyar tana da ƙiba, mai tatsar yana da tsabta, madarar kuma ba ta canza ƙanshi ba. Akwai tarin fuka na shanu. Akwai burusela, wadda ke sa dabba ɓari, ta sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa na watanni da ciwon gaɓoɓi. Akwai listeriya, mai haɗari ga mai juna biyu da abin da ke cikinta. Akwai salmonela da kamfilobakta masu kawo zawo, da wani nau'in ikolai, O157:H7, da ke iya lalata ƙodar ƙaramin yaro. Lambobin nan na 63 da 72 ba da ka aka zaɓe su ba, an tsayar da su ne a kan ƙwayoyin da suka fi taurin kai. A shekarun 1950 ma sai da aka ɗan ƙara zafin a Amurka bayan an gano ƙwayar zazzaɓin Q tana tsira daga na da. A 2024, da murar tsuntsaye ta H5N1 ta shiga shanun madara a Amurka, an samu ƙwayar da yawa a ɗanyar madara, kuma gwaje-gwaje sun nuna tsarin Pasteur yana kashe ta. Zawon da irin waɗannan cututtuka suke kawowa yana goge laktes daga bangon hanji na makonni, sai wanda ya je neman sauƙin ciki ya dawo da ninkin abin da ya kai shi.

Idan ɗanya ce ta zo hannunki, ki ɗora ta a wuta matsakaiciya kina juyawa don kada ta kama ƙasan tukunya. Da ta tafaso ta taso, ki sauke, ki sanyaya ta da wuri, ki rufe ki sa a firij. Sau ɗaya ya isa. Abin da za ki sha shi za ki ɗiba ki ɗumama, kada ki mayar da tukunyar gaba ɗaya wuta safe da yamma, nan ne laisin da bitamin suke tafiya. Yanar saman kuma abinci ce, ki juya ta ciki. Madarar kwali da mai tsarin Pasteur ba sa buƙatar tafasawa. Kwalin da aka buɗe dai ya koma firij, a shanye shi cikin 'yan kwanaki. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa ne abincinsa, kuma tafasa madarar saniya ba ya mayar da ita daidai da shi: gudan zai yi laushi, amma furotin da gishirinta sun yi wa ƙodarsa yawa, sinadarin ƙarfen da ke cikinta kuma ya yi kaɗan.

Ke kuma ga gwajin da zai nuna miki inda matsalar take. Ki bar madara kwata-kwata na mako biyu ki ga ko cikin ya lafa. Idan ya lafa, ki nemi madarar da aka rubuta ba laktos, wadda yawanci ita ma UHT ce, an dai zuba mata laktes ne ya raba sukarin tun a kwali, shi ya sa take ɗan fin sauran zaƙi. Idan kin sha ta lafiya, zafi ya fita daga zargi, domin wutar da ta sha ɗaya ce da ta waccan. Daga nan ki gwada ta yau da kullum rabin kofi, tare da abinci, ba da safe ciki wayam ba. Da yawa cikin masu wannan matsala suna ɗaukar har kofi guda idan an haɗa da abinci ko an raba shi sau biyu a yini. Yogot ma yakan zauna lafiya, saboda bakteriyarsa sun cinye wani sashe na laktos kuma suna shigowa da nasu inzayim ɗin, haka cuku mai tauri da ya daɗe, wanda kusan babu laktos a cikinsa. Akwai kuma ƙwayar laktes da ake haɗiya tare da kurɓin farko. Amma idan kin bar madara cikin bai lafa ba, ko kina ramewa, ko kin ga jini a bayan gida, ko zawo yana tashinki da dare, ki je asibiti a duba ki. Akwai gwajin numfashi da ke tabbatar da matsalar laktos, akwai kuma cututtukan hanji da suke fara bayyana da irin wannan kumburin.